Yadda ake amfani da shafukan kwatanta farashi ba tare da an tafka asara ba

Tambayar da masu karatu suka fi maimaitawa game da shafukan kwatanta farashi ita ce dalilin da ya sa kuɗin da mutum ya gani a shafin yakan bambanta da wanda aka cire masa a ƙarshe. Wasu suna kukan cewa tun ranar da suka cika fom suke fama da kiraye-kiraye da saƙonnin talla, wasu kuma sun sayi inshora mai araha, sai da tsautsayi ya auku suka tarar ba ta ɗauke musu abin da suka zata ba. A gefe guda akwai mutane da dama da suke rage kuɗin inshora da na intanet da na tafiya duk shekara ta hanyar waɗannan shafuka. Abin da ya raba su da masu kuka, a mafi yawan lokuta, shi ne tsarin da suka bi.

Shafin kwatanta farashi dillali ne. Ba ya karɓar komai a hannunka, kamfanin da ka saya a wurinsa ne yake biyan sa la'ada, kuma babu aibu a cikin wannan muddin ka san cewa dillali hajar waɗanda suka ba shi kaya kawai yake nunawa. Saboda haka lambar da ka gani a saman shafi mafarin bincike ce, sauran aikin yana wuyanka. Kayan aikin ba su da yawa: takardar yarjejeniyar da kake kai yanzu, biro da takarda, adireshin imel na daban, katin banki, da kimanin awa ɗaya da babu mai katse ka.

1. Tattara bayananka tukuna

Kafin ka buɗe kowane shafi, ka rubuta abin da kake biya yanzu a shekara, da abin da kake samu da wannan kuɗin, da ranar da yarjejeniyarka za ta ƙare. Idan wutar lantarki ko iskar gas ce, ka duba takardar biyan kuɗi ka ɗauko adadin da ka sha a shekara guda. Idan inshorar mota ce, ka tanadi nisan da kake tuƙawa a shekara, da shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba, da ranakun duk wani hatsari da ya taɓa faruwa. Idan layin waya ne, ka duba yawan datar da ka yi amfani da ita a watanni ukun baya, domin mutane da yawa suna biyan kuɗin abin da ba sa ƙarar da rabinsa.

Gargaɗi: ka nemi sanin ko akwai tarar ficewa kafin wa'adi. Yarjejeniyar intanet ta gida da ta waya sukan ɗaure mutum wata 12, 18 ko 24, kuma tarar barinsu da wuri tana iya cinye duk rangwamen da kake hange.

2. Zaɓi lokacin da ya dace

A harkar inshora, wanda ya zo a ƙurarren lokaci ya fi biya. Shafin MoneySavingExpert na Birtaniya ya daɗe yana nuna cewa farashin inshorar mota ya fi sauƙi idan an nema kimanin mako uku zuwa huɗu kafin ranar sabuntawa, kuma yana hawa yayin da ranar take ƙaratowa, saboda kamfanoni suna kallon mai zuwa a makare a matsayin wanda ya fi haɗari. Ka sa ƙararrawa a wayarka wata guda kafin wa'adi.

Ga kayan da ake saye a intanet, ka duba tarihin farashinsu kafin ka yarda da kalmar rangwame. Shafukan Keepa da CamelCamelCamel suna nuna hawa da saukar farashin kayan Amazon na tsawon watanni, Google Flights kuma yana aiko da saƙo idan kuɗin tikitin da kake bibiya ya canza. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 2022 doka ta wajabta wa mai sanar da rangwame ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka gabata. Inda babu irin wannan doka, tarihin farashi ne kaɗai zai nuna maka ko an ɗaga kuɗin ne a makon jiya domin a ce an rage shi yau.

3. Yi amfani da shafi biyu ko uku da ba gida ɗaya suka fito ba

Babu shafin da ya ƙunshi kasuwa gaba ɗaya, kuma kamfani ɗaya yana iya bayar da farashi daban-daban a shafuka daban-daban. Sai dai akwai tarko a nan, domin sunaye da yawa mallakar kamfani ɗaya ne. Booking.com da Agoda da Kayak da Momondo da Priceline duk na kamfanin Booking Holdings ne. Hotels.com na Expedia ne, kuma Expedia ce take da kaso mafi girma a Trivago. Skyscanner yana ƙarƙashin Trip.com. A Birtaniya, Confused.com da Uswitch gida ɗaya suke, haka nan MoneySuperMarket da MoneySavingExpert da Quidco. Wannan ba ya nufin sakamakonsu zai zama iri ɗaya a kullum, amma ya fi dacewa ka ɗauki shafi ɗaya daga kowane gida idan ra'ayi na biyu kake nema da gaske.

Shafukan ba da shawara su ma suna da hanyar samun kuɗi, kuma na kirki ba sa ɓoye ta. MoneySavingExpert yana sa alamar tauraro a jikin duk mahaɗin da zai iya kawo masa kuɗi. Ƙungiyar gwada kayayyaki ta Consumer Reports ta Amurka da kuɗinta take sayen kayan da take gwadawa, kuma ba ta karɓar talla. Ka gangara ƙasan kowane shafi ka nemi wurin da ya bayyana yadda yake samun kuɗinsa. Idan ka rasa, ka rage yarda da jerin "mafi kyau guda goma" da yake wallafawa.

4. Cika fom da gaskiya, kuma ka duba abin da aka cika maka

Wannan ne matakin da ya fi jefa mutane cikin nadama, kuma nadamar ba ta bayyana sai bayan watanni. Domin a hanzarta aiki, shafuka da yawa sukan zaɓa maka amsa tun kafin ka taɓa komai, kamar cewa ba a yi wa motar gyaran da ya sauya ta ba, ko a cikin gida take kwana, ko ba ka da wata cuta da ka daɗe da ita. Idan ka wuce ba ka gyara ba, amsar ta zama taka. Ranar da ka nemi diyya, kamfani zai ɗauko fom ɗin ya gwada shi da abin da ya faru, kuma yana da damar rage abin da zai biya ko ya soke inshorar baki ɗaya.

Haka nan akwai jarabar rage gaskiya kaɗan domin farashi ya sauka, kamar mutum ya rage nisan da yake tuƙawa, ko uba ya rubuta sunansa a matsayin babban direban motar da ɗansa ne yake hawanta kullum. Na biyun zamba ce a idon kamfanonin inshora, kuma wanda aka soke wa inshora saboda ita zai sha wahalar samun wata da farashi mai sauƙi. Ina jaddada wannan ne domin ba na ganin akwai ragin da ya kai a saye shi da takardar da ba za ta yi aiki ba ranar buƙata.

Ka sa amsoshi iri ɗaya a dukkan shafukan, in ba haka ba abin da kake kwatantawa ba ɗaya ba ne. Ka yi amfani da imel ɗin nan na daban, kuma kafin ka danna maɓallin ƙarshe ka cire alamar da aka sa a akwatin amincewa da talla ta waya da ta saƙo.

Gargaɗi: idan rance ko katin bashi kake nema, ka tabbatar binciken da shafin zai yi a kanka na share fage ne, wanda ba ya barin tabo a tarihin bashinka. Cikakken bincike yana fitowa ga sauran masu ba da bashi, kuma idan ya yi yawa a ɗan lokaci yana rage maka daraja a wurinsu. Duk shafin da ya nemi lambar sirrin katinka ko ta asusunka domin kawai ya nuna maka farashi, ka rufe shi nan take.

5. Sake jera sakamakon da kanka

Abin da ya fito a sama ba lallai ne ya zama mafi araha ba. Yawancin shafuka suna buɗewa da jerin da suka kira "wanda muka zaɓa maka", kuma la'ada tana iya shiga cikin lissafin wannan zaɓi. A 2022 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci tarar Trivago dalar ƙasar miliyan 44.7 saboda ya sa mutane sun ɗauka yana nuna musu ɗakin otal mafi araha, alhali tsarinsa yana fifita kamfanonin da suka fi biyan sa, har kotun ta gano cewa a kusan kashi biyu cikin uku na jerin akwai tayin da ya fi na saman sauƙi. Don haka ka danna wurin jerawa ka zaɓi daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi tsada, ka kuma tsallake duk wanda aka yi wa alamar talla.

Gargaɗi: kada jan rubutun "saura ɗaki ɗaya" ko "mutum goma sha biyu suna kallo yanzu" ya sa ka gaggawa. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa manyan shafukan otal shida, ciki har da Booking.com da Expedia da Agoda, sun yi alkawarin daina irin wannan matsin lamba idan yana ɓatar da mai saye. Sau da yawa ma'anar rubutun ita ce saura ɗaki ɗaya a wannan farashi a wannan shafi, otal ɗin kuwa yana da sauran ɗakuna.

6. Lissafa jimillar kuɗin, ka kuma duba abin da ya ƙunsa

Ka ɗauki tayi uku na farko ka rubuta su a takarda, kowanne da layinsa, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya har shafin biyan kuɗi ba tare da ka biya ba. A nan ne ɓoyayyun kuɗaɗe suke fitowa. A tikitin jirgi, ka ƙara kuɗin jakar kaya da na zaɓen kujera da na amfani da kati. A otal, ka duba haraji da kuɗin hidima da ake karɓa a wurin. A kayan da za a aiko daga wata ƙasa, ka ƙara kuɗin aikowa da na kwastan, ka kuma tambayi wanda zai biya kuɗin mayarwa idan kayan bai yi ba.

Yarjejeniyar wata-wata tana buƙatar lissafi na musamman. A ce kamfani na farko yana neman dala 20 a wata na wata shida, sannan dala 45 a sauran wata goma sha takwas, ga kuma kuɗin haɗawa dala 30. Na biyu yana neman dala 35 a wata daga farko har ƙarshe, babu kuɗin haɗawa. A shafin, na farko ne zai hau sama da lambarsa ta 20. Amma a wata 24 na farko ya kama dala 960, na biyu kuma dala 840. Wanda ya bi ƙaramar lamba ya yi asarar dala 120, kuma ba zai lura ba sai a wata na bakwai, lokacin da ficewa ta zama da tara. Ka kuma nemi layin da ya ce farashin zai iya ƙaruwa a tsakiyar wa'adi.

A inshora, lambar da ta fi muhimmanci bayan farashi ita ce kason da za ka biya daga aljihunka kafin kamfani ya biya sauran. Kason iri biyu ne, akwai na dole da kamfani ya yanke, akwai na ganin dama da kai ka zaɓa, kuma haɗa su ake yi. Wasu shafuka sukan ɗaga na ganin dama tun farko domin farashi ya yi kyan gani. Idan na dole 250 ne, na ganin dama ma 250, gyaran motar kuma ya kama 600, abin da kamfani zai ba ka 100 ne kacal. Ka saukar da kason zuwa abin da za ka iya fitarwa gobe da safe ba tare da ka ci bashi ba, sannan ka sake duba jerin, domin sau da yawa tsarinsa yakan canza. Daga nan ka buɗe taƙaitacciyar takardar sharuɗɗa ka karanta sashen abubuwan da ba a ɗauka ba, wanda ya fi sashen alkawura amfani. Biyan inshora wata-wata kuma a mafi yawan kamfanoni bashi ne mai kuɗin ruwa, don haka ka kwatanta jimillarsa da ta biya sau ɗaya.

A rance, adadin kuɗin ruwan da aka tallata ba alkawari ba ne ga kowa. A Birtaniya, alal misali, doka ta ce kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka amince wa ne ya wajaba su samu adadin da aka tallata ko wanda ya fi shi sauƙi, sauran ana iya ba su mai tsada. A aika kuɗi zuwa wata ƙasa kuwa, kada kalmar "babu caji" ta ruɗe ka, domin ana iya ɓoye ribar a cikin farashin canji. Tambaya ɗaya ce take raba gardama, wato nawa ne zai isa hannun wanda aka aika wa.

7. Bincika kamfanin da zai karɓi kuɗinka

Shafin kwatantawa ba shi ne zai sayar maka ba, kuma ba shi ne zai amsa waya ranar da aka soke jirgi ba. Wannan ya fi cizo a tikitin jirgi, inda mafi araha yakan fito daga wani wakilin tafiye-tafiye da ba ka taɓa jin sunansa ba. Idan an samu matsala, kamfanin jirgi zai tura ka wurin wakili, wakili kuma ya ce yana jiran kamfanin jirgi, kuɗinka yana tsakani. Idan bambancin kaɗan ne, ka saya kai tsaye daga kamfanin jirgin. A Amurka, damar soke tikiti kyauta cikin awa 24, ga wanda ya saya aƙalla kwana bakwai kafin tafiya, kamfanonin jirgi ta ɗaure, ba ta ɗaure wakilai ba.

Wajen karanta ra'ayoyin masu saye, yawan taurari ba ya faɗin komai sosai, domin da yawa ana rubuta su ne minti kaɗan bayan saye, kafin a gwada kamfanin da matsala. Ka jera su daga sababbi, ka karanta masu tauraro biyu da uku, ka nemi waɗanda suke magana a kan neman diyya da mayar da kuɗi da sokewa. Idan ƙorafi iri ɗaya yana ta maimaituwa a watannin baya-bayan nan, ka ɗauke shi da gaske. Yabo mai yawa da ya zo a rana ɗaya da kalmomi masu kama da juna abin zargi ne, kuma matsalar ta kai har Amurka ta haramta ra'ayoyin bogi a 2024, Birtaniya ma ta bi sahu a 2025. Idan harkar kuɗi ce ko inshora, ka duba sunan kamfanin a rajistar hukumar da take kula da fannin a ƙasar da kake.

8. Koma wurin kamfanin da kake tare da shi

Da tayi mafi kyau a hannunka, ka kira kamfaninka ka faɗa musu lambar, ka ce kana shirin tafiya. Sashen da yake kula da masu son ficewa yakan sami ikon yin ragin da sauran ma'aikata ba su da shi. Ka kuma duba shafin sabon kamfanin kai tsaye, da na wasu da ba sa shiga shafukan kwatantawa. A Birtaniya tun Janairun 2022 an hana kamfanonin inshorar mota da ta gida su caji tsohon kwastoma fiye da sabon da ya zo ta hanya ɗaya, amma hakan bai hana wani kamfanin ya fi naka araha ba.

9. Biya, ka ajiye shaida

Bayan ka danna tayin da ka zaɓa ka koma shafin kamfanin, ka sake karanta duk bayanan da suka biyo ka, domin wani lokaci amsa takan canza a hanya. Ka cire duk ƙarin da aka liƙa maka wanda ba ka nema ba. Ka ɗauki hoton allon da yake nuna farashi da kwanan wata a shafin kwatantawa, ka ɗauki na shafin biya, ka ajiye su tare da rasit da takardar sharuɗɗa. Ka biya da kati, domin kuɗin da aka tura kai tsaye daga asusu zuwa asusu yana da wuyar dawowa. Sannan ka duba ko an sa yarjejeniyar ta sabunta kanta, ka kashe idan ba ka so, amma idan inshorar mota ce ka tabbatar ƙararrawar mataki na biyu tana nan, kada ka wayi gari kana tuƙi babu inshora.

Gargaɗi: idan ka bi ta shafin da yake mayar wa mai saye wani kaso na kuɗinsa, irin su TopCashback ko Quidco, ka ɗauki wannan kaso a matsayin kyautar da za ta iya zuwa ko ta ƙi. Yakan ɗauki watanni, kuma manhajar toshe talla ko shigar da lambar rangwame daga wani wuri tana iya sa a rasa sawun cinikin. Kada ka zaɓi tayi mai tsada saboda shi.

10. Idan abu ya ɓaci

Ka fara duba ko kana cikin wa'adin janyewa. A Birtaniya da Tarayyar Turai, mai saye ta intanet yana da kwana 14 na fasa yawancin ciniki, sai dai wannan bai shafi tikitin jirgi da ɗakin otal na takamaiman rana da kayan da aka ƙera musamman dominka ba. Inshora ma tana da kwana 14, amma kamfani yana iya cire kuɗin kwanakin da ta yi aiki da ɗan kuɗin hidima.

Idan wa'adin ya wuce, ka rubuta wa kamfanin da ya karɓi kuɗin ƙorafi a rubuce, ka faɗi abin da aka nuna maka da abin da ka samu da abin da kake so a yi, ka haɗa da hotunan da ka ajiye. Idan kuskuren daga shafin kwatantawa ne, kamar ya aika bayanin da ba shi ka shigar ba, shi ma ka rubuta masa. Idan kaya bai zo ba ko an ƙi mayar da kuɗin da ya wajaba a mayar, ka nemi bankinka ya janyo kuɗin ta tsarin katin, kuma ka hanzarta, domin wa'adin galibi kwana 120 ne. Mai katin bashi a Birtaniya yana da ƙarin kariya a sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974, ga abin da ya haura fam 100 zuwa fam 30,000, ko da yake saye ta hannun wakili yana iya raunana ta. A Birtaniyar kuma, idan kamfanin kuɗi ko na inshora ya yi mako takwas bai warware ƙorafi ba, ana kai shi gaban ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi kyauta. A sauran ƙasashe, ka nemi hukumar kare haƙƙin masu saye ko wadda take kula da fannin, ka miƙa mata kwafin wasiƙarka da amsar kamfanin da ranakun da aka yi kowace magana.